Tambaya da Amsa: Jan tabo a fatar da aka yi wa gishiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sana'ar fatu nake yi a Kano. Ina zuba wa fata gishiri sosai, amma da bazara ta kama sai in ga ja-ja a ɓangaren nama, wani lokaci har da yauƙi da wari. Ashe gishiri ba ya kashe ƙwayoyin cuta ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gishiri yana tsotse ruwan jikin ƙwayoyin da ke ruɓar da nama, shi ya sa yawancinsu ba sa iya yaɗuwa idan ya yi yawa. To amma akwai wasu ƙananan halittu da gishirin ne ma gidansu, irin su Halobacterium da Halococcus. Suna cikin rukunin arkiya, wanda masani Carl Woese ya ware daga bakteriya a 1977. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, su kuwa sun fi walwala a giram 200 zuwa 250. Mafi yawan lokuta tare da gishirin da ka saya suka zo, musamman wanda aka busar da rana, domin suna maƙale cikin ɗan ruwan da ya rage a tsakiyar ƙwayar gishiri, su yi shekaru a raye.

Jan da kake gani launin jikinsu ne, wanda ke kare su daga zafin rana. Ɓarnar kuwa a ƙarƙashinsa take: suna fitar da sinadaran da ke narkar da furotin ɗin fata. Sau da yawa ba a gane girman asarar sai an je wurin majema, a ga fuskar fatar ta ƙwarzane, rini kuma ya ƙi kamawa bai ɗaya.

Ka fara gyara tun daga fiɗa. A kankare kitse da sauran nama, a wanke jini, a bar ruwan ya tsiyaye, sannan a yi gishiri cikin 'yan sa'o'i, kada fata ta kwana. A auna gishirin, kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyin ɗanyar fata: mai kilo 2 tana bukatar giram 800 zuwa kilo 1. Babban kuskuren da ake yi shi ne kakkaɓe tsohon gishiri daga wata fata a sake amfani da shi. Wannan gishirin ya sha jini, ya cika da ƙwayoyin, shuka su kawai ake yi a sabuwar fata. In kana shakkar gishirin, gasa shi a kasko har ya bushe ƙayau yana kashe su. Ma'aji kuma ya zama mai inuwa da iska, fatun a kan katako, tsibin kada ya yi tsawo, domin zafin digiri 35 zuwa 45 shi suka fi so. Fatar da ta riga ta yi ja a ware ta, a gaggauta kai ta jima.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Damagaram. Na ga hoton Tafkin Retba na Senegal, ruwansa ja-ja. Ta yaya halitta ke rayuwa a irin wannan ruwa, kuma tana da wani amfani?

AMSA: Malama, launin Retba ya samo asali ne daga wani gansakuka mai ƙwaya ɗaya, Dunaliella salina. Da ambaliyar 2022 ta tsarma ruwan tafkin, launin ya gushe, wanda ke nuna yadda rayuwarsa ta rataya a kan gishiri.

Dabara biyu ce. Su Halobacterium suna tara sinadarin fotasiyam mai yawa a cikin jikinsu, har ya yi daidai da gishirin waje, sai ruwansu ya daina fita. Furotin ɗinsu ya saba da haka ƙwarai, shi ya sa in aka jefa su ruwan daɗi nan take suke fashewa. Wasu kuma ba sa barin gishiri ya taru ciki, sai su ƙera wani sinadari da zai riƙe musu ruwa: Dunaliella tana yin gilisarin, wata bakteriya mai suna Halomonas elongata tana yin ektoyin, sinadarin da aka gano a 1985.

Ektoyin ɗin nan ana sa shi a man shafawa, da maganin ɗigawa a ido, da na fesawa a hanci. A Jamus aka ƙirƙiro hanyar samunsa da ake kira tatsar bakteriya. A raini ƙwayoyin Halomonas cikin ruwa mai gishiri kashi 15 cikin 100 har su cika da ektoyin, sai a sauke gishirin farat ɗaya zuwa kashi 3. Don kada su fashe, sai su furzar da shi waje. A tace, a mayar da su ruwan gishiri, su sake tarawa, a sake tatsa. Ita kuwa Dunaliella, idan rana ta yi ƙarfi abinci ya yi ƙaranci, takan tara beta-karotin har kusan kashi 10 na busasshen nauyinta. Ana nomanta a manyan tafkuna a Ostareliya don launin abinci da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

A ganinmu abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne roba mai ruɓewa da wata arkiya mai suna Haloferax mediterranei ke tarawa a cikinta. Gishirin tankin da ake rainonta a ciki yana hana wasu ƙwayoyi daga waje yaɗuwa, don haka an rage kuɗin tafasa kayan aiki don kashe su, kuma ruwan daɗi kaɗai ya isa ya fasa ƙwayar a kwashi robar. Matsalar ita ce gishiri yana cin ƙarfen tanki da bututu, ko da mai hana tsatsa ne, sannan ragowar ruwan ba ya zubuwa a gona ko kogi, sai an ƙafar da shi an kwashe gishirin an mayar cikin tanki.