Fensirin zane a kan yadin bargo: wanda zai fita, da yadda ake fiƙe shi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki. Kin ce kin fara ɗinkin bargo mai hawa uku, yadin sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, kina neman fensirin da za ki zana layukan da allura za ta bi, kuma wanda kika saya duk sanda kika sa shi a abin fiƙewa sai bakin ya gutsure, har ya kusa ƙarewa ba ki more shi ba. Na daɗe ina wannan aiki a nan Garwa ta Kamaru, bari in gaya miki abin da hannuna ya sani.

Kafin ki tambayi mai shago ko fensiri yana fitowa raɗau a kan yadi, ki tambayi kanki yadda zai fita daga baya. Zanen riga da na bargo ba ɗaya ba ne. Tela yana zana inda almakashi zai yanke, layin ya tafi da yankan ko ya shige cikin ɗinki. Ke kuwa a tsakiyar fuskar bargon kike zane, inda ido zai fara sauka, kuma layin zai zauna makonni kina murza shi da hannu mai gumi. A ƙasarmu babban abin da ke hana zane fita shi ne zafi. Dutsen guga, ranar Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, har zafin ɗaki mai rufin kwano, kowannensu yana iya kama launi ya zaunar da shi cikin zare.

Allin tela iri biyu ne, kuma a ido kusan ba ki bambanta su. Akwai na ƙasa, mai gari-gari, wanda in kin shafa shi a bayan hannu kin hura sai ya tashi. Akwai mai kakin zuma ko maiƙo a ciki, mai santsi, wanda ke barin ƙyalli a fata. Na farkon shi ne namu. Na biyun in guga ta hau shi narkewa yake yi, a kan yadi mai duhu da kauri ya ɓace, amma a kan farin yadi ko akoko ya bar miki tabon mai. Haka fensiran alli masu jikin itace, wasu gari ne zalla, wasu kaki. Ki gwada a bayan hannunki tun a gaban mai shago, ba wanda zai hana ki.

Ki kuma kula da launi. Fari da toka-toka sun fi sauƙin fita. Rawaya da ja da ruwan hoda rini ne a cikinsu, kuma su ne suka fi ba mutane kuka, musamman a farin yadi. Ni ba na kusantar da su ga fuskar bargo ko kaɗan.

A yadi mai duhu, baƙi ko shuɗi mai turuwa, ban ga abin da ya kai ragowar sabulu ba. Wannan siririn da ya rage a banɗaki, ki shanya shi ya bushe ƙayau, gefensa ya yi kaifi. Layinsa fari ne siriri, ba ya tashi da wuri kamar alli, ruwa kuma na taɓa shi ya tafi. Sai dai ki zaɓi farin sabulu marar mai da yawa, ba masu launi da ake cewa suna gyara fata ba.

A farin yadi, fensirin makaranta ma yana yi in hannunki ba shi da nauyi. Ki duba harafin da ke jikinsa. Masu B laushi gare su, 2B zuwa sama baƙinsu yana gogewa ya bi zare ya ɓata shi, farin zare ya koma ruwan toka. HB ko H ya fi, ki ja layi da kyar ake ganinsa, wanda ɗinkin zai rufe. Idan kina da mai zuwa Duwala ko Yawunde, ko mai dawowa daga Faransa, ki sa a nemo miki fensirin dannawa na alli mai baki milimita 0.9, irin na kamfanin Bohin ko Sewline. Ba ya buƙatar fiƙewa, kuma faɗin layin ba ya canzawa daga farkon bargo zuwa ƙarshe. Yana da tsada, amma abin cikin kawai za ki riƙa sauyawa.

Alƙaluman zamani kuma kowanne da halinsa. Mai shuɗin tawada da ruwa ke wankewa yana da kyau sosai, da sharaɗin kada guga ta hau shi, kada ki bar aikin a rana, kuma wankin farko ruwan sanyi ne zalla ba omo, don sabulun wanki yana iya mai da shi ruwan ƙasa ya zauna daram. Yayyafi ma ba ya isa. Tawadar tana gudu ta shige auduga, bargon ya bushe ta dawo sama, saboda haka sai an tsoma shi duka. Mai ruwan shanshanbale da iska ke ɓatarwa kwana ɗaya zuwa uku yake yi, da damina ma bai kai haka ba, bai dace da aikin makonni ba. FriXion, alƙalami mai gogewa na kamfanin Pilot, don takarda aka yi shi. Tawadarsa tana ɓoyewa ne a zafin kusan digiri 60, ba fita take yi ba, in sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili sai ta dawo. Za ki ce mu ina muka ga wannan sanyi. Gaskiya ne, amma a yadi mai duhu yakan bar farin sawu bayan guga, kuma in bargon na wanda zai tafi da shi Turai ne, zanenki zai iya tarye shi a can.

Yanzu maganar fiƙewa. Yawanci ba fensirin ne da laifi ba. Abin fiƙewa na 'yan makaranta an yi shi ne don baki mai tauri, yana fitar da dogon tsini, kuma yana murɗa fensirin. Alli ba ya jure murɗa. Ƙara da cewa wuƙar cikinsa in ta dushe ba yanka itacen take yi ba, fizgarsa take yi, bakin ya tafi tare da shi.

Ki ɗauki sabuwar reza, ki naɗe gefe ɗaya da ƙyalle ko salatif don yatsanki. Ki riƙe fensirin a hagu, bakin yana kallon waje, ki ɗora rezar kamar faɗin farce daga ƙarshe, babban yatsan hagu ya riƙa tura bayanta a hankali. Ɓawo siriri za ki riƙa ɗauka kina juyawa, kamar mai feren rake ga ƙaramin yaro. Itacen kawai kike cirewa, rezar kada ta ci allin. In allin ya leƙo kamar milimita 3, ki tsaya. Sai ki kwantar da samfefa mai laushi a tebur, ki goga gefe ɗaya sau biyu uku, ki juya ki goga ɗaya gefen, bakin ya zama mai faɗi da kaifi, ba tsinin allura ba. Da kaifin za ki ja layi a jikin rula. In ya dushe, samfefar kawai za ki koma wa, ba rezar ba, fensiri ɗaya ya kai ki bargo da yawa.

In dole sai abin fiƙewa, ki nemi na fensirin ja-gira, don shi an yi shi ne saboda baki mai laushi kuma tsininsa gajere ne. Ki ware shi don wannan aiki kawai. Fensiri mai ɗan kaki kuma da tsakar rana laushi yake yi, ki fiƙe shi da sassafe, ko ki sa shi a firji na ɗan lokaci, in babu wuta ki kwantar da shi a gindin randa. Wanda ya faɗi a siminti kuwa sau da yawa ya riga ya karye daga ciki, ko ya kika fiƙe shi gutsurewa zai yi ta yi. Ki ajiye su a gwangwani mai ƙyalle a ƙasa, nesa da hannun yara.

Ki wanke yadin kafin zane, sitatin kamfani yana hana alli kamawa, shadda ma santsinta kan sa ya zame. Ki zana yadin sama tun yana shimfiɗe a tebur mai tauri, kafin ki haɗa shi da auduga, don a kan taushi bakin fensiri nutsewa yake yi ya karye. In alli ne kuma, kada ki zane bargon duka, iskar hunturu da gogar hannu za su share rabi. Ki zana inda za ki ɗinke yau da gobe, ko da kin riga kin haɗa shi da auduga.

Kafin komai, ki yanki ƙyalle daga ainihin yadin da za ki yi aiki da shi, ki ja layi da kowane fensiri da kike da shi. Ki raba ƙyallen biyu, rabi ki goge da dutsen guga ki bar shi a rana wuni guda, rabi ki bar shi a inuwa, sannan ki wanke duka. In atamfa ce mai fure da yawa, ki ja layin ya ratsa wurin haske da wurin duhu, don sau da yawa sai kin haɗa fari da toka-toka a bargo ɗaya. Ki turo hoton ƙyallen bayan ya bushe, da hoton bakin fensirin da ke karye miki, in gani ko na gari ne ko na kaki.