Abin da na gani a Umdurman da fasfon Ingila a aljihuna

Ɗana, na ji voice ɗinka har guda uku da ka turo cikin dare. Ka ce ka samu gurbin karatun likitanci a Masar, in taimaka da kuɗin jirgi, sannan da na ce ka yi tunanin tsaro sai ka ce ai mu masu fasfon Ingila ba mu san damuwa ba, ko ina muka shiga gwamnati za ta zo ta ɗauke mu. Kuɗin jirgi zan turo insha Allahu, wannan ba matsala. Maganar fasfon ce ta tsaya min a rai.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi a Manchester kafin fasfon nan ya zo hannuna, ba wanda ya ba ni kyauta, kuma ina alfahari da shi. Da shi na shiga Sudan cikin azumin 2023 don gaida Gwaggo a Umdurman. Ranar Asabar 15 ga Afrilu da hantsi muka fara jin harbi, sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun mataimakinsa Hameti sun kaure, kafin azahar filin jirgin Khartum ya zama fagen daga, tikitina na komawa ya zama takardar banza. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, mu tara a ɗaki ɗaya an jingina katifa a taga saboda harsashi, muna buɗe baki da ruwan randa ana auna shi da kofi. A haka muka yi sallah, ko idi ba mu fita ba.

Ranar 23 ga wata aka kwashe ma'aikatan jakadanci, na Ingila da na Amurka da sauransu, mu kuma sanarwar da ake ta yi ita ce kowa ya zauna cikin gida. Sai da aka tsagaita wuta na awa 72 sannan jiragen kwashe 'yan Ingila suka fara tashi daga sansanin sojin sama na Wadi Sayyidna ranar 25, kuma sharaɗin shi ne kai za ka kai kanka can, ba mota ba rakiya. To ka ji inda fasfo ya tsaya. Abin da ya kai ni wurin dala ɗari biyu ce da na ɗinke a cikin ƙugun wando tun daga gida, da wani maƙwabcin Gwaggo mai tsohuwar akori-kura da ya san lungunan da ba shingen 'yan bindiga. Katin bankina guda biyu ba su sayo min ko biredi ba, ATM a rufe, network na zuwa yana ɗaukewa. Inshorar tafiya da na biya kuwa da na karanta ƙananan rubutun daga baya sai na ga babu yaƙi a ciki, kuma yawancinsu haka suke.

Abin da har yau yake ci min rai, jirgin na 'yan ƙasa ne da matansu da 'ya'yansu. Gwaggo ba ta ciki. Ta rako ni bakin ƙofa ta cusa min dabino a aljihu tana cewa in tafi kar in waiwayo, ni na sauka Larnaka a Saifurus ita kuma tana nan cikin ƙarar bindiga.

Ɗaliban Najeriya kuwa ka san labarinsu, da yawansu yaran Kano da Katsina da Jigawa ne, aka loda su a bas zuwa iyakar Masar suka yi kwanaki a sahara ba a buɗe musu ba, sai farkon watan Mayu rukunin farko ya sauka Abuja. Kai layinsu za ka shiga in wani abu ya faru, ba nawa ba.

Ban ce Masar za ta zama Sudan ba, Allah Ya kiyaye. Amma a Maris 2024 rana ɗaya fam ɗinsu ya faɗi daga wajen 31 a dala zuwa kusan 50, ga naira ita ma ka ga yadda ta yi tun 2023, don haka kar ka lissafa kuɗin shekara ɗaya kawai ka ce ka gama. Fasfonka kar ka bar shi hannun ejan ko ofishin makaranta ya kwana, a Khartum mutane da yawa yaƙi ya ritsa da nasu a ofisoshin biza da aka rufe, suka rasa ta fita. Ka ɗau hotonsa ka turo min, ka turo wa babarka. Kana sauka ka yi rajista a ofishin jakadancin Najeriya ka shiga ƙungiyar ɗalibai, domin da jerin sunaye ake cika mota. Ka ga taron zanga-zanga ka canza hanya, kar ka ɗaga waya wai za ka yi bidiyo, kuma siyasar ƙasar mutane ba ruwanka da ita ko a Facebook.

Ka turo min takardar admission ɗin in duba da idona, da sunan unguwar da za ka zauna a Alƙahira. Dala ɗari biyu daban zan ƙara maka a kan kuɗin jirgin, ba ta cefane ba ce, ka ba babarka ta ɗinke maka ita.