Ku Tambaya Mu Amsa: Wai jirgin ƙasa ne ya haifi Kaduna?

TAMBAYA: Salam. Don Allah a raba mana gardama. Wani dattijo a majalisarmu yace da babu jirgin ƙasa da babu garin Kaduna, ni kuma nace Turawa kogi suka biyo. Sannan in garin na jirgi ne, me yasa kullum muke cikin gosulo a kan gada alhali ga layin dogo kwance a tsakiyar gari? Daga mai karatu a Barnawa.

AMSA: Wa alaikassalam ɗan uwa. Toh gaskiya dattijon ya fi ka kusa da gaskiya, amma kai ma ba ka faɗi ƙasa warwas ba.

A 1907 aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, can bakin kogin Neja, zamanin Gwamna Girouard wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, jirgin ya shiga Kano a 1911, sannan a 1912 layin da ya taso daga Legas ya haɗe da shi a Minna. Wajen da dogon ya tsallake kogin Kaduna nan idon Gwamna Lugard ya tsaya, ga ruwan sha rani da damina ga fili iya ganinka ga jirgi, shi kenan a 1917 aka kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan. Kaga kenan kogi ya taimaka, amma ai Zungeru ma bakin wannan kogin take, abin da ya ɗaga Kaduna shine haɗuwar hanyoyi. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya zo ya haɗu da na Legas a kudancin kogi, tashar da ake kira Kaduna Junction. Kuma ka san kafin a gama gadar Jebba ta kan kogin Neja a 1916 da ta Makurɗi ta kan kogin Binuwai a 1932, taragai a kan jirgin ruwa ake ɗora su a yi musu fito, fasinja na zaune yana kallon ruwa har a kai gaci a sake jona su.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi ci min rai wallahi.

Bature bai gina dogon nan don ya kai ka kasuwa ko wajen aiki ba. Gyaɗar Kano, audugar Zariya da Funtuwa, fatu, kuzar Jos, su ake so su isa bakin teku. Dubi rassan ma ka gani, ɗan siririn layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957 na kuza ne, na Ƙaura Namoda a 1929 da na Nguru a 1930 duk amfanin gona suka je ɗaukowa. Jirgi ya tsaya a gari ya loda ya wuce. Ko da masaƙun Kakuri suka fara tasowa daga 1957 dubban ma'aikata na tsallaka kogi safe da yamma, keke da bas ne suka ɗauki nauyin, daga baya acaɓa da keke napep suka karɓa, garin kuma ya yi ta faɗi kudu da arewa, kowa sai ya matso ta ƴan gadojin nan a lokaci guda.

Sabon jirgin Abuja da aka buɗe a Yulin 2016 aiki ne mai kyau, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, kuma duk wanda ya tuna harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 da watannin da aka yi babu jirgi ya san darajarsa. Sai dai shi ma na tsakanin gari da gari ne, tasharsa na can gefe, wani sa'in fita daga Rigasa zuwa gidanka ya fi zaman jirgin gajiyarwa. Kuma faɗin dogonsa milimita 1,435 ne, tsohon kuwa 1,067, don haka ba zai iya hawa tsohon layi ya shigo cikin gari ba.

Ni a ganina tsohon layin nan dukiya ce muke tsallakewa kullum. Ya taso ta wajen Sabon Tasha da Kakuri, yana da gadarsa ta kansa a kan kogi, ya ratsa ta kusa da babbar kasuwa ya nufi Kawo da Rigachikun, wato daidai hanyar da jama'a ke shan wahala a kanta. Ba sai an rushe gidan kowa an biya diyya ba, filin na reluwe ne tun asali. Abin da ake buƙata gyaran dogo, ƙananan tashoshi, masu gadin mahaɗar titi, da jirgi mai lokaci tsayayye wanda ma'aikaci zai iya dogara da shi. Amma fa sai an hanzarta, don in ka bi ta gefen kasuwa za ka ga tebura da rumfuna sun matso har kan ƙarfen, wasu ma a kansa suke baza kaya, kuma irin waɗannan mutanen sai an sama musu wani wajen sana'a kafin a ce su tashi.