Ku Tambaya Mu Amsa: Takunkumin shigo da kayan lantarki da tsadarsu a kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da talabijin da rediyo a Sabon Gari. Masu ba mu sari daga kasuwar Alaba ta Legas kullum sai su ce kwastam ne suka sa kaya tashi. Shin nawa gwamnati take karɓa a kan kaya, ko dai fakewa suke yi? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai gaskiya a maganarsu, amma bari mu yi lissafin tare don ka san iyakarta. Kuɗin fito a Najeriya yana bin jadawalin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Kayan da aka gama haɗawa don amfanin gida, irin su talabijin, galibi suna kan kashi 20, sassan da za a harhaɗa a cikin ƙasa kuwa suna faɗawa ƙasa da haka.

A ce ka sayi kaya na naira miliyan 9 a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, kuɗin jirgi da inshora suka kai shi miliyan 10. A tsarin da aka daɗe ana bi, kuɗin fito kashi 20 zai zama miliyan 2. Sai ƙarin kashi 7 a kan shi kuɗin fiton, naira 140,000. Sai kashi 1 na duba kaya a kan kuɗin sayen, 90,000. Sai rabin kashi ɗaya na ECOWAS a kan miliyan 10 ɗin, 50,000. A haɗa duka da darajar kayan, sannan a ɗora harajin VAT kashi 7.5, wanda ya kama 921,000. Jimilla naira 3,201,000, wato kusan kashi 32 na darajar kayan. Wannan kafin kuɗin kamfanin jirgi, da na tasha, da ladan ejan, da tirelar da za ta ɗauko daga tashar Apapa ta Legas zuwa Kano. Akwai kuma harajin kashi 4 a kan kuɗin saye da dokar kwastam ta 2023 ta tanada, wanda a 2025 kaɗai sau biyu ana fara karɓarsa ana dakatarwa, don haka a tambayi ejan abin da ake kai a ranar biya.

Sai dai abin da ya fi yi wa kasuwa illa shi ne farashin dalar da kwastam ke lissafi da shi. A farkon 2023 yana kan kimanin naira 422, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,400. Kashi 20 ɗin yana nan yadda yake, amma abin da ake biya da naira ya ninka fiye da sau uku. Shi ya sa mai sari yake ƙara kuɗi har a kan kayan da ke jibge a sitonsa: yana lissafin abin da zai kashe kafin ya mayar da gurbinsu.

Tambaya: An ce gwamnati ta hana shigo da firiji ɗan kwatano, amma ga su nan cike da kasuwa. Ina so in sayi firiza don sana'ar ƙanƙara da zoɓo. In saya ko in haƙura har in tara kuɗin sabo? Daga wata uwargida a Gusau.

Amsa: Hajiya, hanin gaskiya ne. Tsofaffin firiji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki da kwamfaresa suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su. Hukumar kare muhalli ta NESREA ma tana da ƙa'idoji tun 2011 a kan tsofaffin kayan lantarki: sai wanda ya yi rajista da ita zai shigo da su, kuma sai masu aiki. Gana ta bi wannan hanya, ta fara aiwatar da nata hanin a 2013. Dalilan a bayyane suke. Tsofaffin firiji suna amfani da gas ɗin R12 mai lalata sararin samaniya, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina, suna shan wuta da yawa, kuma da dama daga cikinsu sun riga sun mutu tun can.

To ta ina suke shigowa? Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara. Kusan kashi 70 cikin 100 a cikin tsofaffin motoci ake cusa su, kuma kusan kwata ba sa aiki. Wasu kuma ta Kwatano suke biyowa su tsallako iyaka. Hanin bai tsayar da kayan ba. Ya dai sa mai shigowa yana lissafa na goro a hanya da asarar abin da aka kama, duk ya ɗora wa mai saye, kuma ba ki da takardar garanti da za ki koma da ita.

Idan dole sai ɗan kwatanon, ga abin da za ki duba. A bayan firizar ko a jikin kwamfaresa akwai lamba mai ɗauke da bayani. Ki tabbata an rubuta 220 zuwa 240V da 50Hz, irin wutarmu ke nan. Na Amurka 110 zuwa 120V ne, na Japan 100V, idan aka jona su kai tsaye nan take suke ƙonewa. Ki duba gas: R134a ko R600a ba laifi, in kin ga R12 ki bar shi. Ki sa a jona a gabanki aƙalla awa ɗaya, ki ga bangon ciki ya fara kama ƙanƙara ko'ina. In gefe ɗaya kawai ya yi sanyi, ko dai gas yana yoyo ko bututu ya toshe. Ki rufe murfin a kan takarda ki ja. Idan ta zare da sauƙi, robar bakin ta saki, kwamfaresa zai yi ta aiki ba hutu.

Bayan an kawo gida a bar ta a tsaye na wasu awanni kafin a jona, don man kwamfaresa ya koma mazauninsa. A haɗa ta da sitabilaiza mai jinkirin minti uku zuwa biyar, saboda ɗaukewa da dawowar wuta a jere shi ne ajalin yawancin kwamfaresa a garuruwanmu. Kada mai gyara ya zuba wani gas daban da wanda aka rubuta, domin man da ke tafiya da R134a daban yake da na R600a. Shi R600a kuma yana kama wuta, ba a kusantarsa da walda sai an fitar da shi tas. A ra'ayinmu, mai sana'ar da za ta riƙa kunna janareta gara ta lallaɓa ta sayi sabuwa, don bambancin kuɗin yakan fita a man fetur.

Tambaya: Ina son fara odar wayoyi da caja daga Sin da kaina. Waɗanne takardu nake buƙata? Daga wani matashi mai tebur a Farm Centre, Kano.

Amsa: Malam, fara da rajistar kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da lambar haraji ta TIN. Kayan lantarki suna ƙarƙashin tsarin tantance ingancin kaya na SONCAP na hukumar kula da ingancin kaya ta SON, wanda aka soma a 2005. Takardu biyu ne: shaidar ingancin samfurin, wadda da ita za ka buɗe Fom M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, a banki, da shaidar SONCAP ta kowane lodi, wadda sai da ita kwastam za su fitar maka da PAAR, takardar da ke faɗin abin da za ka biya. Babban kuskuren sababbin shiga shi ne a loda kaya kafin a amince da Fom M. Kaya su iso, takardu ba su kammala ba, dimarej, wato kuɗin jinkirin kaya a tasha, na hauhawa kullum har ya cinye ribar. Haka nan bayanin da ke kan rasit da takardar lodi da Fom M dole ya zo ɗaya, in ba haka ba a tsayar da kwantenar.

Ita waya tana da ƙarin sharaɗi: sai samfurin ya samu amincewar hukumar sadarwa ta NCC, kuma jerin waɗanda aka amince da su yana shafinta na intanet. Ka nemi wadda aka yi wa kasuwar duniya, domin ta cikin gidan Sin sau da yawa ba ta zuwa da manhajojin Google. iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa Amurka ba ta da gidan sim. Ka danna *#06# ka gwada lambar shaidar wayar, wato IMEI, da ta jikin kwali. Mai ƙaramin jari yakan bi ta kamfanonin kago masu haɗa kayan mutane da yawa su caji kilo. Hanyar tana da sauƙi, amma takardun da sunansu suke, kuma idan kayan wani suka jawo kamu, naka ma sun tsaya.

Tambaya: Idan aka hana shigo da kaya gaba ɗaya, ba sai masana'antu su buɗe a gida ba? Na ji ana maganar hana shigo da farantan sola. Daga wani malamin makaranta a Azare.

Amsa: Malam, an yi wannan magana a 2025 daga bakin ministan kimiyya da fasaha na lokacin, masu harkar sola kuma suka yi ca, saboda abin da ake haɗawa a gida bai kusa isar masu buƙata ba. Hani yakan yi tasiri inda kamfanoni ke tsoron rasa kasuwa kuma akwai abin da za a gina a kai. Indonesiya ta hana sayar da iPhone 16 a Oktoban 2024 kan sharaɗin kashi 40 na kayan cikin gida, har sai da Apple ya yi alkawarin zuba jari aka janye a 2025. Indiya kuwa ta sanar da lasisin shigo da kwamfutar tafi-da-gidanka a Agustan 2023, cikin 'yan kwanaki ta ɗage, daga baya ta sassauta shi. Ajantina ta shafe shekaru tana kare masu harhaɗa waya a lardinta na Tierra del Fuego, mutanenta suna sayen waya da tsadar da ta sa wasu ke tsallakawa Chile su sayo, sai a 2025 gwamnati ta fara zaftare harajin. A nan gida, mai harhaɗa farantin sola da dala zai sayo ƙwayoyin cikinsa da gilashinsa, da dizal zai kunna injinsa, ga ruwan bashin banki ya haura kashi 20. Idan aka rufe ƙofa kafin a gyara waɗannan, mai shagon cajin waya da manomin rani mai famfon sola su za su fara biyan bambancin.