Tambaya da Amsa: An ce kakar matata jinin sarautar Holan ce, kuma suna da gadon fili a Manhattan

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar New Jersey ta Amurka, matata Ba'amurkiya ce da ta musulunta. Shekara biyu ke nan muna bin salsalar gidansu ta wajen uwa, don 'ya'yanmu su san dangin mahaifiyarsu kamar yadda suka san nawa. Da takardun ƙidaya da na haihuwa mun kai 1850, daga nan hanya ta toshe. Marigayiya kakarta ta sha faɗin cewa su zuri'ar Anneke Jans ne, wadda ta zo tun ana kiran New York da New Amsterdam, lokacin tana hannun Holan. Yanzu kawunta ya haɗu da wani a intanet, wanda ya ce Anneke jikar Yarima William na Orange, basaraken Holan, ce, kuma akwai fili a Manhattan da magadanta za su karɓa idan kowane gida ya kawo kuɗin lauya da na bincike. Surukata tana shirin taɓa kuɗin fanshonta. Hankalina bai kwanta ba, kuma ina jin nauyin in yi magana, kada a ce bare ya shigo ya raba dangi. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta ina za mu ci gaba?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, a roƙi surukarka yau, cikin ladabi, kada ta fitar da ko sisi. Idan bakinka zai yi nauyi, ka ba matarka wannan amsa ta karanta mata. Jin nauyi ba zai dawo da fansho ba idan ya tafi.

Anneke Jans ta rayu da gaske, kuma ba abin mamaki ba ne a ce matarka ta fito daga tsatsonta, domin ta yi aure biyu, ta haifi 'ya'ya da yawa, zuri'arta ta bazu a Amurka. Amma zancen sarauta da zancen gado, su ne ƙaryar da ta fi kowace tsufa a wannan fage, kuma wallahi na gaji da cin karo da ita. An binne ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, intanet ta sake tono ta.

Mu fara da sarautar. A rijistar neman aure ta birnin Amsterdam, a watan Afrilun 1623, an rubuta Anneke da angonta Roelof Jansz, an kuma rubuta garin kowa. Ita daga Flekkerøy take, wani tsibiri a kudancin Norway, shi kuma ma'aikacin jirgin ruwa ne daga Marstrand. Ko 'yar Holan ma ba ce ba a haihuwa. Mahaifiyarta Tryn Jonas ungozoma ce, ta yi wannan aiki a New Amsterdam. A 1630 suka tsallaka teku don Roelof ya yi aiki a gonar attajiri Kiliaen van Rensselaer, kusa da inda Albany take yau. Wace jikar yarima ce za ta bi miji zuwa noman gonar wani? Masu tatsuniyar suna cewa sunan mahaifinta Wolfert Webber, wai ɗan William ne na ɓoye. To sunanta kansa ya ƙaryata su, domin Jans yana nufin 'yar Jan.

Filin kuma akwai shi. A 1636 aka ba Roelof gona mai eka 62 a Manhattan. Bai daɗe ba ya rasu, Anneke ta auri limamin cocin garin, Everardus Bogardus, a 1638, shi ma ya rasu a haɗarin jirgin ruwa a 1647. Ita ta rasu a 1663. A 1671 magadanta suka sayar da gonar ga Francis Lovelace, gwamnan da Ingila ta naɗa a New York bayan ta karɓi garin daga Holan, daga baya ta koma hannun masarautar Ingila, a 1705 Sarauniya Anne ta ba Cocin Trinity. Ƙofar da aka bi aka tayar da rigima ita ce, ɗanta Cornelis Bogardus ya riga ya rasu lokacin cinikin, ba a sa hannu a madadin kasonsa ba. A kan wannan 'yar tsaga aka yi ta kai ƙara tun ƙarni na 18, kotu ta yi babban hukunci a 1847 ta ba coci gaskiya, kuma babu ƙara ɗaya da magada suka taɓa ci. Duk da haka har farkon ƙarni na 20 ana kafa ƙungiyoyin magada, ana karɓar kuɗin rijista daga manoma da zawarawa, ana ce musu shari'a ta kusa ƙarewa. Waɗanda suka ci wannan gado su ne masu karɓar kuɗin. Mutumin da kawun matarka ya samu a intanet magajinsu ne a sana'a, ko da shi kansa ya yarda da abin da yake faɗa. Ku tambaye shi lambar ƙarar da sunan kotun da take gabanta, za ku ga yadda zai fara kame-kame.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, ƙaryar ba ta tsaya ga aljihu ba, ta shiga littattafai. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sababbin masu kuɗi a Amurka sun so a ce musu jinin sarauta ne, sai aka samu masu ɗinka musu nasaba daidai da kuɗinsu. Fitacce cikinsu shi ne Gustave Anjou, wanda ya mutu a 1942. Dabararsa ita ce ya jera takardu na gaskiya masu yawa, sannan ya cusa ɗaya ta bogi a daidai gaɓar da za ta haɗa bakanike da basarake. Aka buga, aka ajiye a ɗakunan karatu, yau kuma mutane suna kwafa daga wannan shafin salsala zuwa wancan ba tare da sun ga takarda ko ɗaya ba. Sai mutum ya ce maka ai ya gani a wuri hamsin. Wuri hamsin da suka kwafi juna shaida ɗaya ce, kuma ita ma ba ta gani da idonta ba.

Ga mu Musulmi abin ya wuce asarar kuɗi. Allah Ya ce a Suratul Ahzab a kira mutane da ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurinSa. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba mahaifinsa ba alhali yana sane, Aljanna ta haramta gare shi. Nasaba amana ce. Idan ka rubuta wa 'ya'yanka cewa su jikokin yarima ne, ka share ungozomar da ta haifi kakarsu, ka ɗora wani wanda bai san da zamansu ba. Me ya samu ungozoma da za a ji kunyarta? Matar da ta bar ƙasarta, ta yi ta karɓar haihuwa a ƙaramin gari a bakin daji, ta isa a yi alfahari da ita.

Yanzu ga hanyar da ta toshe muku. Dalilin tsayawarku a 1850 sananne ne: ƙidayar wannan shekara ce ta fara rubuta sunan kowane ɗan gida, kafin nan maigida kaɗai ake ambata, sauran a ƙirga su. Daga nan sai a koma ga wasiyyoyi, takardun rabon gado, takardun cinikin fili, da kundin cocin mutanen Holan na garin da kuka tsaya. Kada ku fara daga Anneke kuna gangarowa don ku tarar da kanku. Wanda ya yi haka zai tarar da kansa ko ta halin ƙaƙa. Daga matarka za a hau, ɗa zuwa uba ko uwa, kowace gaɓa da takardarta.

Da kun kusa 1700 sunan gida zai fara narkewa, kuma a nan Bahaushe ya fi Ba'amurke saurin ganewa. Yawancin mutanen nan da sunan uba ake kiransu, kamar yadda muke cewa Musa Garba, ɗansa kuma Sani Musa. Pieter Claesen ɗan Claes ne, ɗansa zai zama Pietersen. Wannan Pieter, wanda ya zo yana yaro a 1637, sai bayan Ingila ta karɓi ƙasar a 1664 ya ɗauki sunan Wyckoff. Saboda haka Jansen biyu a gari ɗaya ba lalle su haɗa komai ba. Kalmar van kuwa, da ake ruɗar mutane da ita, ma'anarta "daga" kawai. Kakan gidan attajiran Amurka na Vanderbilt, Jan Aertsz, mutumin ƙauyen De Bilt ne, kamar dai a ce Aminu Kano ko Shehu Shagari. Mata kuma suna riƙe sunan ubansu bayan aure, wannan rahama ce ga mai bincike. Ku lura da sauyin suna bayan zuwan Ingilishi: Jan ya koma John, Tryntje ta koma Catherine, Kuiper ya koma Cooper.

Kundin baftisma da na aure na cocin New Amsterdam ya fara daga 1639, kuma an buga shi. Kada ku karanta sunan jariri da iyaye ku wuce. Ku tsaya a kan shaidu, domin galibi kakanni ne da kawunnai da gwaggonni. Suna kuma yi wa iyayensu takwara kamar mu, 'ya'yan farko sukan ci sunan kakanni, don haka jerin sunayen yara yakan nuna sunan kakan da ake nema. Kundin aure yakan faɗi garin da ango da amarya suka fito. Ku shirya ganin garuruwan Jamus ko Norway ko Faransa, domin iyalan farko na 1624 yawancinsu Walun ne, mutanen yankin da yake Beljiyam a yau, masu jin Faransanci, kuma malamin Katolika Isaac Jogues da ya ratsa garin a 1643 ya ruwaito cewa harsuna 18 ake yi a cikinsa. Har da Anthony van Salee, wanda ya fito daga Sale ta Maroko, ana kiransa Baturke.

Wasu gaɓoɓin ba za su samu ba har abada, gara ku sani tun yanzu. A 1821 an sayar da mafi yawan tsofaffin takardun kamfanin Holan da ya mallaki ƙasar a matsayin takardar banza, a 1911 kuma gobara ta tashi a ginin majalisar jiha a Albany ta ci wasu. Kimanin shafi 12,000 suka tsira, wani masani mai suna Charles Gehring ya fara fassara su a 1974, ana samun fassarar a shafin New Netherland Institute. Jerin fasinjojin jiragen da ake da shi na 1654 zuwa 1664 littafin bashi ne, wanda ya biya kuɗin jirginsa ba ya ciki. A can Holan, ma'adanar birnin Amsterdam ta sa rijistar neman aure a intanet, akwai kuma shafin WieWasWie. Gwajin ƙwayoyin halitta ba zai taimaka sosai a nan ba, domin layinku yana ratsa maza da mata, nisan kuma ya wuce kakanni goma.

Ku ɗauko mutumin da kuka tsaya a kansa a 1850, ku duba jihar haihuwarsa da shekarunsa a takardar ƙidayar, ku rubuta wa ofishin rabon gado na gundumar ku nemi wasiyyar duk wani mai sunan gidansu da ya rasu tsakanin 1800 da 1860. Idan kun samu wadda ta ambace shi a cikin 'ya'ya, ku turo mini hotonta mu duba gaɓa ta gaba tare.