Kafin ka mayar da motarka mai amfani da gas, ga abin da ya same ni

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka a kan ko ya dace ka mayar da tasinka mai amfani da iskar gas ta CNG, wato gas ɗin da ake matsewa a cikin tukunya, ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin wannan lissafin ne ya hana ni barci tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Lodin Zariya nake yi daga tashar Kawo a Kaduna, kuma a 2024 na sa aka juya tawa.

Gaskiya gas ya fi fetur sauƙi nesa ba kusa ba, hayaƙinsa ma kaɗan ne, shi ya sa gwamnati ta ɗauke shi a matsayin gadar da za a bi kafin a kai ga makamashi mai tsafta, tunda Najeriya ta yi alkawarin kai wa ga daina ƙara gurɓata iska nan da 2060.

Amma don Allah ka kula da wanda zai yi maka aikin. Ni wani bakanike ne ya rantse mini cewa ya ƙware, ya karɓi kuɗin da na samu bayan na sayar da raguna biyu, ya ɗaura mini tukunya a but. Kwana tara kacal, muna wajen Jaji da fasinja shida, sai muka ji iska tana huci ta bayan kujera. Wata dattijuwa ta kama salati, ni kuwa hannuna yana rawa har na kasa zare makulli. Da na koma wurinsa, ko kallona bai yi ba, yana shan shayinsa ya ce ai tuƙina ne ba kyau. Har yau idan na bi ta gaban garejinsa sai zuciyata ta ɓaci, kuma ko sisi bai mayar mini ba. Allah ya isa.

Ka je cibiyar da gwamnati ta amince da ita, ka ga hatimi da kwanan wata a jikin tukunyar da idonka. Kada wani ya yaudare ka da tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa, domin ƙarfin iskar da ake ɗurawa ya fi ƙarfinsu; irinta ce ta fashe a wani gidan mai a Benin a watan Oktoba na 2024.

Sannan akwai layi. Bututun gas ɗin da aka fara aikinsa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, bai iso ba lokacin da na juya motata, don haka a manyan motoci ake kawo gas ɗin. Na taɓa kwana a layi, da asuba aka ce ya ƙare. Saboda haka kada ka bari a taɓa maka tankin fetur. Kuma ka sani tukunyar za ta cinye rabin but, masu buhuna za su riƙa wuce ka a tasha.