Tambaya da Amsa: Yaya zan haɗa da'irar da za ta nuna inji na jan wuta?

Tambaya: Ina da injin famfon ruwa mai jan kusan amfiya 5, kuma yana nesa da ɗakina. Na jona ƙwan fitila a wayoyinsa don in riƙa sanin yana aiki, amma ranar da injin ya ƙone sai ƙwan ya ci gaba da haske. Wace da'ira zan haɗa wadda za ta nuna yana jan wuta da gaske?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙwan bai yaudare ka ba. Abin da ya nuna maka shi ne wuta ta iso bakin injin, wato akwai bolt. Kai kuma kana son sanin ko wutar tana ratsawa ta cikin injin, wato amfiya. Ruwa yana iya cika bututu maƙil alhali ba ya gudu, idan an toshe bakinsa.

Hanya mafi sauƙi a takarda ita ce a sa ƙaramar resista a kan hanyar wutar, a auna bolt ɗin da ya faɗi a kanta. Da resista mai om 0.1, amfiya 5 za ta ba da rabin bolt, ta kuma ƙona wat 2.5 ya zama zafi. A da'irar batir wannan ba laifi. A wutar gida kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin duk allon da ka haɗa zai ɗauki wuta mai kisa, kuma wata rana hannu zai kai wurin.

Abin da nake ba ka shawara shi ne transfomar auna amfiya, irin mai buɗewa a maƙala wa waya kamar SCT-013-000. Tun 1820 Hans Christian Ørsted ya gano cewa waya mai ɗauke da wuta tana haifar da maganaɗisu kewaye da ita, a 1831 kuma Michael Faraday ya nuna cewa maganaɗisu mai canzawa yana haifar da wuta a naɗin waya. A kan wannan na'urar take aiki, ba tare da ta taɓa tagullar wayar ba. Naɗinta 2000 ne, don haka amfiya 5 za ta fito da miliyamfiya 2.5 kacal. Wannan ya yi kaɗan, sai ka zagaya wayar injin sau huɗu ta cikin zoben transfomar, ka samu miliyamfiya 10. Sa resista mai om 100 tsakanin ƙafafunta biyu, za ka ga kusan bolt 1.

Daga nan ka bi da shi ta dayod, mai barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai. Ka sa irin Schottky, domin ita kusan bolt 0.3 take ci, ta silikon kuwa ninki biyu na hakan. Bayanta sa kafasita mai maikurofarad 10 tare da resista mai om 100,000 a gefenta, don cajin ya riƙa zubewa cikin 'yan daƙiƙoƙi idan injin ya tsaya. Kai wannan bolt ɗin ƙafa ta 2 ta LM393, guntun da ke kwatanta bolt biyu, ƙafa ta 3 kuma ka ba ta bolt daga resista mai murɗawa, shi ne iyakar da za ta kunna ƙwan. Ƙwan LED da resista mai om 1000 su shiga tsakanin bolt 5 da ƙafa ta 1. Ƙara resista mai om miliyan ɗaya daga ƙafa ta 1 zuwa ta 3. Ita ce za ta hana ƙwan yin ƙyafta-ƙyafta idan wutar tana kan iyaka. Mutane da yawa suna tsallake ta, sai su zo suna zargin guntun.

Wurin murɗawar nan akwai riba. Famfo mai juya fanka yana rage jan wuta idan babu ruwa a cikinsa, saboda haka in ka daidaita iyakar ƙasa kaɗan da jansa na kullum, ƙwan zai mutu da zarar ya fara juyawa a bushe, tun kafin ya lalace.

Abu biyu nake roƙonka ka kiyaye. Waya ɗaya tak za ta shiga zoben. In ka haɗa mai wuta da mai dawowa, maganaɗisunsu zai kashe juna, ba za ka ga komai ba. Sannan kada ka cire resistar nan mai om 100 alhali injin na aiki, domin transfomar da aka bari a buɗe tana iya tayar da bolt mai haɗari. Kashe wuta daga babban makunni kafin ka taɓa wayar.

Idan famfon na batir ne ko na sola mai wutar DC, zoben ba zai yi ba, tunda maganaɗisun ba ya canzawa. Nan sai guntun auna amfiya ACS712, mai aiki da abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Mai amfiya 20 yana tsayawa a bolt 2.5 idan babu wuta, yana ƙara milibolt 100 a kan kowace amfiya, sai ka kai shi LM393 kai tsaye ba tare da dayod ba.